Likitan da ke duba mu, wa ke duba aikinsa?

Kawuna ya kusa shekara talatin yana sayar da kayan gwangwani a Kasuwar Sabon Gari: madara, tumatir, kifi, man girki. Sana'ar ta bar masa wata ɗabi'a da ya kasa rabuwa da ita. Duk abin da aka miƙa masa, sai ya juya gindinsa ya nemi kwanan wata. Ko ruwan roba ka saya masa, sai ya duba kafin ya kai baki.

A azumin da ya wuce jiri ya ɗebe shi a shago bayan La'asar. Yaransa suka kira ni, muka sa shi a Adaidaita Sahu zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke cikin unguwar Sabon Gari, ba nisa da kasuwar. Muna zaune kan benci muna jiran layi, sai na ga ya ƙura wa wata takarda ido, an sa ta a firam an rataye a bango. Ya taɓo ni ya ce, "Kai ɗan jarida, karanta mini shekarar da ke jikin waccan." Na karanta masa. Takardar kammala karatun likita ce, ta haura shekara ashirin. Ya yi shiru, can ya ce, "To ita ba ta da ranar lalacewa ne?"

A lokacin dariya na yi. Daga baya dariyar ta ɗauke, domin wanda ya duba shi ranar ba shi ne mai sunan da ke jikin firam ɗin ba. Wani matashin likita ne da ke zuwa aikin yamma bayan ya taso daga wani wurin. Da muka koma bayan mako biyu, wani daban muka tarar. Zuwa na uku, wani kuma. Kowa ya auna jini, ya tambayi maganin da ake sha, ya ɗan sauya wani abu. Katin da aka buɗe masa ranar farko ba a sake ganinsa ba. Ban ce wani daga cikinsu ya yi kuskure ba, ni ba likita ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko da an yi kuskuren, babu wata takarda a duniya da za ta nuna an yi, balle wani ya zauna ya duba ta.

Tambayar kawu tana da amsa a doka, kuma ya kamata kowa ya san ta. Takardar digiri ba ta lalacewa, amma ba ita ce ke ba mutum izinin taɓa marar lafiya ba. Izinin yana hannun Hukumar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, wadda dokar da ta kafa ta ta samo asali tun 1963. Ita ke da rajistar likitoci, kuma duk shekara sai likita ya sabunta lasisinsa. Kafin a sabunta masa, sai ya biya kuɗin shekara, ya kuma nuna cewa ya tara maki 20 na ƙaro ilimi, waɗanda ake samu ta hanyar halartar bitoci da tarukan da hukumar ta amince da masu shirya su. Saboda haka takardar da ya kamata marar lafiya ya nema a bango ita ce lasisin bana, ba digirin da ya sha ƙura ba.

Tsari ne mai kyau, kuma ya fi babu nesa ba kusa ba. Amma mu tambayi kanmu, me maki 20 ke tabbatarwa? Yana tabbatar da cewa sunan likita ya shiga takardar halartar taro. Na taɓa zuwa ɗaukar rahoto a irin wannan taro a wani otal a nan Kano. Da safe ɗakin ya cika. Bayan an sa hannu an ci abincin rana, kujerun da suka rage da mutane ba su kai rabi ba. Ban zargi waɗanda suka fita ba, wasu asibiti suka koma inda layi ke jiransu. Sai dai wanda ya zauna har ƙarshe yana rubutu da wanda ya fice tun kafin Azahar, takarda iri ɗaya suka karɓa. Ko da ma kowa ya zauna, sauraron lacca kan hawan jini daban, yadda ka kula da mutum ɗari masu hawan jini a shekarar daban. Na biyun shi ne ya shafi kawuna, kuma shi ne babu mai tambaya.

Ina da aboki da muka yi sakandare tare, ya karanta likitanci, yanzu yana aiki a Ingila. Kwanaki na kira shi da daddare, ya ce in yi haƙuri yana haɗa fayil, ganawarsa ta shekara ta kusa. Da na nemi bayani, sai ya ɗauki kusan awa guda yana warware mini.

A Birtaniya, tun watan Disamba na 2012, hukumar likitocinsu, GMC, ta soma wani tsari. Duk shekara likita zai zauna da wani likitan da aka horar kan wannan aiki, su bi aikinsa na shekarar dalla-dalla. Bayan shekara biyar, wani babban likita da doka ta ɗora wa alhakin sa ido a ma'aikatar zai duba waɗannan ganawa, ya rubuta wa hukumar ko a bar wa mutumin lasisinsa. Ba a zuwa ganawar hannu rabbana. Sai likita ya kawo shaidar ilimin da ya ƙaro, kamar yadda ake yi a nan, amma wannan kashi ɗaya ne cikin shida. Sai ya kawo wani bincike da ya yi a kan aikinsa da kansa: misali ya ɗauko fayil ɗin masu ciwon suga da ya gani, ya ƙirga nawa aka yi wa gwajin da ya kamata a kan lokaci, ya faɗi abin da ya gyara, ya sake ƙirgawa daga baya. Sai ya kawo duk wani babban abin da ya faru, inda aka cutar da marar lafiya ko aka kusa. Sai ƙorafe-ƙorafen da aka shigar a kansa, da yabon da ya samu. Sannan aƙalla sau ɗaya a cikin shekara biyar ɗin, sai an raba wa marasa lafiyarsa takardar tambayoyi su cike ba tare da suna ba, a kuma raba wa abokan aikinsa, har da nas-nas da ma'aikatan ofis, ba likitoci kaɗai ba.

Abu biyu suka fi jan hankalina a bayaninsa. Na farko, tara takardu kawai ba ya wadatarwa. A ƙarƙashin kowace shaida sai ya rubuta abin da ya koya daga gare ta da abin da ya sauya a aikinsa. Ya ce wannan ne ya fi wahala, domin ka zauna ka rubuta da hannunka cewa ranar kaza ka makara wajen gane wata cuta, ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da tun yana aji ɗaya ake kiransa "dokta". Na biyu, dole ya lissafa duk wuraren da yake aiki. In yana taɓa aikin kuɗi da yamma, ko yana duba 'yan ƙwallo ranar Asabar kyauta, duk sai sun shiga fayil. Nan take na tuna da likitoci ukun da suka duba kawu. Aikin yammansu ba ya cikin littafin kowa.

Turawan ba don tsabar son takarda suka ƙirƙiro wannan ba. Wuya ce ta koya musu. A watan Janairun 2000 kotu ta samu wani likita mai suna Harold Shipman da laifin kashe marasa lafiyarsa 15 a garin Hyde, kusa da Manchester. Binciken da mai shari'a Janet Smith ta jagoranta daga baya ya gano cewa waɗanda ya kashe sun kai aƙalla 215, yawancinsu tsofaffin mata, ta hanyar allurar da ta wuce kima. Ya shafe sama da shekara ashirin yana yi, takardunsa cif, mutanen gari suna yabonsa. Waɗanda suka fara shakka su ne masu shirya gawa da wata likita maƙwabciyarsa da ta ga yawan takardun mutuwar da ake kawo mata ta sa hannu. Har wani direban tasi da ke ɗaukar tsofaffin ya riƙa rubuta sunayen fasinjojinsa da suka mutu. Kafin wannan kuma akwai abin da ya faru a asibitin Bristol, inda jarirai suka riƙa mutuwa bayan tiyatar zuciya fiye da yadda ake gani a sauran asibitoci. Wani likitan sa barci, Stephen Bolsin, shi ya riƙa tara alƙaluma a gefe har magana ta fito. Sakamakon da ya samu shi ne zaman ƙasar ya gagare shi, ya koma Ostareliya. A duka biyun, abin da ya fara ta da shakku ƙirge ne. Wani ya zauna ya lissafa.

Kada in yi wa mai karatu kwaskwarima, tsarin nasu yana shan suka a can ma. Ita kanta Janet Smith, a rahotonta na 2004, ta ce shirin farko da hukumar ta tsara ba zai tsinana abin da ake fata ba, abin da ya sa aka ɗage shi aka sake zama. Likitoci da yawa suna kukan cewa cike-ciken yana cin lokacin da ya kamata a ba marasa lafiya, har a 2020, lokacin annobar korona, aka dakatar da ganawar na wani lokaci sannan aka dawo da ita a sauƙaƙe. Wasu kuma na cewa mugu mai wayo irin Shipman zai iya haɗa fayil mai kyau ya wuce. Na yarda da wannan. Amma yawancin cutarwar da ake yi a asibiti ba daga mugaye take fitowa ba. Daga mutanen kirki take fitowa, waɗanda gajiya ta ci, ko ilminsu ya tsaya a inda suka bar makaranta, ko suke maimaita kuskure ɗaya shekara da shekaru saboda babu wanda ya taɓa nuna musu. Irin waɗannan, zama ɗaya a shekara da takarda a gaba yana iya juya su.

Na san abin da likitocinmu za su ce, kuma suna da gaskiya a mafi yawansa. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar, waɗanda suka rage da lasisi kuma kusan 55,000 ne, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Duk wanda ya taɓa leƙa sashen marasa lafiya na waje a Asibitin Murtala da safiyar Litinin ya san ma'anar wannan lissafi. Likitan da ya kwana a kan aiki, ya wayi gari da layin da ba ya ganin ƙarshensa, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ka zo masa da sabon fom ka ce ya cike, ai ka ƙara masa dalilin neman biza. Ba mu manta da ƙudirin da aka kawo Majalisar Wakilai a 2023 ba, na hana sabbin likitoci cikakken lasisi sai sun yi shekara biyar a gida, da irin ƙurar da ya tayar. Duk abin da ya yi kama da wata sabuwar igiya a wuyansu, za su ƙi shi.

Akwai kuma matsalarmu ta takardar bogi. A 2015 aka gano wani mutum da ya shafe kusan shekara tara yana aiki a matsayin likita a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja da takardun abokinsa. Idan hakan ta faru a hedikwata, me zai hana a buɗe shagon buga fayil ɗin ganawa a gefen titi, kamar yadda ake buga sauran takardu?

Duk da haka ina ganin a fara, kuma dalilina yana cikin Kasuwar Sabon Gari. Shekara da shekaru ana cewa ba za a iya taɓa kasuwar magunguna ta can ba. An ga yadda rahoton BBC na 2018 kan maganin tari mai kodin ya girgiza ƙasa har gwamnati ta hana shi. Aka gina cibiyar sayar da magunguna ta sari a Dangwauro, kan titin Zariya, 'yan kasuwa suka ƙi tashi, aka je kotu. A watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da dubu a yankin Sabon Gari. Mutane sun yi asara, wasu har yau suna jin zafin abin, kuma ina da 'yan'uwa a cikinsu. Amma hujjar da aka kafa ita ce, maganin da ba a san inda ya fito ba, ba a san yadda aka ajiye shi ba, haɗari ne ga rai. To idan mun yarda a bi diddigin ƙwaya daga kamfani zuwa kanta, da wane dalili za mu ce hannun da ke rubuta ta ya fi ƙarfin a bi sawunsa?

A Kano muna da hukumar PHIMA da ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, kuma muna yawan jin ta rufe wuraren da likitocin bogi ke aiki. Aiki ne mai muhimmanci. Sai dai kama wanda bai taɓa shiga ajin likitanci ba shi ne mai sauƙin. Mai wahalar shi ne na gaske, mai lasisin bana, wanda aikinsa ya fara zamewa. Shi sai an yi mutuwa, dangi sun yi ihu a Facebook, sannan a kafa kwamiti. MDCN tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, wadda ake ɗaukaka ƙararta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, amma duk wannan bayan ɓarna ne. Kuma mutum nawa ne daga Fagge ko Kurna za su iya rubuta ƙorafi da rantsuwar kotu su bi shi har Abuja? Mafi yawanmu cewa muke yi kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, kowa da ranarsa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana ɗan kasuwa ƙirga canjinsa ba.

Ba sai mun kwafo na Ingila gaba ɗaya ba, ba ma za mu iya ba. Abin da ake buƙata yawancinsa yana nan a warwatse. Likitocin da ke neman ƙwarewa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun saba da littafin da suke rubuta duk aikin da suka yi, babba ya sa hannu, domin kwalejojin da ke ba da takardar ƙwarewa ba sa barin mutum ya zauna jarrabawa sai da shi. Manyan asibitoci suna zaman bitar mace-mace a sassansu. Akwai tsarin ƙasa na bin diddigin mutuwar mata wajen haihuwa da jarirai, inda ake zama a tambayi me ya faru ba tare da neman wanda za a rataye ba. Abin mamaki shi ne, da zarar mutum ya gama horo ya zama babba, ko ya buɗe nasa asibitin, sai littafin ya rufe. Daidai lokacin da babu mai leƙa kafaɗarsa, lokacin ne muka daina tambayarsa.

Da za a ji tawa, sai a rage wani kaso na makin nan 20 daga zaman otal, a mayar da shi kan aikin likita na zahiri. Shafi biyu sun isa a farko. Ina da ina ka yi aiki bana, har da na yamma? Kawo mutum goma da ka kula da su kan cuta ɗaya, me ya same su? Wane abu ɗaya ne ya lalace a hannunka ko a sashenku, me aka sauya? Sai ya zauna awa ɗaya da wani likitan da ba ubangidansa ba, ba kuma yaronsa ba, su tattauna, su sa hannu su biyu. Wannan sa hannun na mutum na biyu, mai lasisin da zai iya rasawa, shi ne maganin shagon buga takarda, ko da ba zai kashe shi gaba ɗaya ba. Ranar ganawar kuma a lissafa ta a ranar aiki, ma'aikata ta ba da lokacin, kada a ce ya yi da daddare bayan ya sallami layi.

Ra'ayin marasa lafiya yana buƙatar dabara irin tamu. Takardar tambayoyi da Turanci ba za ta yi aiki a kan kawuna ba. Amma yana da waya, kuma ya iya aika saƙon murya fiye da ni. Tambaya uku da Hausa, a kira mutum bayan kwana biyu: an saurare ka? An gaya maka abin da ke damunka da yadda za ka sha magani? An wulaƙanta ka? A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda ya ce mutum yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake fahimta, da haƙƙin ya yi ƙorafi. Yana manne a bangon wasu asibitoci, kusa da firam irin wanda kawu ya gani.

Akwai wani ɓangare da nake so likitoci su duba kafin su yi fushi da ni. Fayil ɗin nan kariya ce gare su. Yau idan marar lafiya ya mutu, likitan da ke wurin shi ake shaƙe wa wuya, wani lokaci a zahiri. Babu mai tambayar ko akwai iskar oksijin a daren, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko shi kaɗai ne a kan gadaje hamsin. Likitan da ya rubuta a fayil ɗinsa shekara uku a jere cewa na'urar kaza ta lalace, ya sanar, ba a gyara ba, ya mayar da tambayar kan wanda ya kamata ya amsa ta. Ina ma zargin cewa waɗanda za su fi ƙin wannan tsari ba likitocin da ke bakin gado ba ne, masu riƙe da kasafin kuɗi ne. Sharaɗi ɗaya dai, abin da likita ya rubuta na kuskurensa don ya koya kada ya zama abin da za a ɗauka a kai wa 'yan sanda washegari. In aka yi haka sau ɗaya, kowa zai rubuta cewa shekararsa lafiya lau ta wuce.

Ba sai an jira Abuja ba. Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano za ta iya gwadawa a asibiti biyu ko uku. PHIMA za ta iya sa wa cikin sharuɗɗan rajista cewa kowane asibitin kuɗi ya manna sunayen duk likitocin da ke zuwa, na safe da na yamma, da lasisinsu na shekarar, ya kuma ajiye littafin ƙorafi da za a duba. Ƙungiyar likitoci ta NMA reshen Kano ita ta fi cancanta ta tsara yadda ganawar za ta kasance, tun kafin wani abin takaici ya sa 'yan majalisa su tsara musu cikin fushi.

Shi kuwa kawu bai jira kowa ba. Ya sa an sayo masa littafi mai shafi arba'in, irin wanda yake rubuta bashin kwastomomi. Duk likitan da ya duba shi, sai ya miƙa masa ya ce, "Likita, don Allah rubuta mini sunanka, da abin da ka auna, da abin da ka ba ni." Ɗaya ya ɓata rai ya ce ba a haka. Biyu sun rubuta. Na ƙarshen ya buɗe shafukan baya ya karanta, ya ɗago ya tambaye shi tun yaushe yake haɗa waɗannan magunguna biyun, sannan ya soke ɗaya.